Harsunan Rana a Karofinmu

Ƙanena Hayatu ido ɗaya gare shi, na hagu. Na daman agana ta cinye shi tun yana ɗan shekara huɗu, ta bar masa wani farin tabo a gurbin. Da wannan na fara don kada can gaba wani ya ce ban faɗa ba.

Mu marina ne a Bebeji tun kaka da kakanni. Ni Ubale, ni ne na huɗu a jerin waɗanda suka riƙe karofinmu, wato filin ramukan rini goma sha biyu da ke bayan gida. Rini kuwa aikin ido ne. Hannu ai kowane gardi yana da shi. Ido ne ke duban kumfar da ta taso a bakin rami ya san ko baba, wato shunin rinin, ya nuna, ido ne ke duban zane ya san saura tsomi ɗaya ko biyu. Shi ya sa ranar da Hakimi ya aiko a ba da yaro ɗaya daga unguwarmu a kai makarantar boko, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai wahalar da kansa da dogon tunani ba. Ya dube ni, ya dubi Hayatu, ya ce a tafi da wancan. Hayatu ya riƙe mini gefen riga yana kuka, na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Kowa a gidan ya san wanda aka zaɓa da wanda aka yar.

To abin da aka yar ɗin ne ya dawo mana bayan shekara goma sha uku a kan keke, da agogo a wuyan hannu, da alƙalami a aljihun gaba, wai shi Malam Hayatu, malamin elementare a Kiru. Duk yammacin Alhamis sai ya iso, ya jingine keken can nesa da ramuka don kada baba ya fallatsa masa, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Gaisuwar dai ba laifi, yana yin ta yadda aka koya mana a gida. Amma ina lura, in na miƙa masa hannu muka gaisa, sai ya saci kallon tafinsa ya ga ko na shafa masa baƙi. A zatonsa ban gani ba. Ni kuwa ido biyu gare ni.

Ga surutu kamar an kunna rediyo. Yau duniya ce ke juyawa, gobe ƙwayoyin cuta ne a rijiyarmu, rijiyar da ya sha ya girma. Muna rini yana bayani, mu ce masa "to, Malam", mu ƙyafta wa juna ido.

A daminar da ya rage saura shekara guda Turawa su sauka, sai ya zo mana da sabuwa. Ya zaro wata takarda daga cikin littafi, shafin mujalla ne da wani malaminsu na kwaleji ya bar masa, ya lallaɓo ta kamar mai riƙe da jariri. A wurin akwai ni, da marinan da ke aiki a ƙarƙashina, da Kofur Shitu, wani tsohon soja ɗan Badafi da ya yi yaƙin Bama, wanda tun da ya dawo ba shi da sana'ar da ta wuce zama a gindin durumin karofinmu yana cin goro.

Hayatu ya ce, "Yaya, don Allah dubi nan. Me ka gani?"

Na goge hannu a cinya na karɓa da yatsa biyu. Hoto ne baƙi, ƙasansa fari mai lanƙwasa, a kan lanƙwasar kuma wasu tsiraye cinkus, wasu a miƙe, wasu a karkace.

Na ce, "Gonar wani rago ce, bai share ba wuta ta kama."

Ya yi dariya. "Bakin rana ne, Yaya. Gefenta."

"Wace ranar?"

"Wannan dai da ke kanmu. Rana ba faifai ba ce, dunƙulen iska ce mai ci da wuta. A bayanta akwai wata 'yar fata ja-ja, siririya. To daga cikin fatar nan iskar ke tsartuwa sama, harshe-harshe, dubbai a lokaci guda. Harshe ɗaya tsawonsa ya kai nan da Makka, wani ma ya ninka. Gudu kuwa, kafin ka gama cewa salamu alaikum ya yi tafiyar Bebeji zuwa Kano."

Kofur Shitu ya tsai da tauna. "Ikon Allah. Sai ya doshi ina?"

"Ba ya zuwa ko'ina, Kofur. Ya tashi, ya yi rangaji dama da hagu kamar dawa in iska ta kaɗa, minti biyar ko goma, shi ke nan. A nan ne masana suka rabu. Wasu sun ce faɗowa yake yi ya koma inda ya fito, wasu sun ce dushewa yake yi a can sama. Rangajin ma ana musu a kansa, don abin da ke rangaji dole akwai abin da ke riƙe da gindinsa, kuma har yanzu ba a tabbatar da ko mene ne ba."

Na ce, "Wato manyan mutane da furfurarsu sun bar gona sun bar kasuwa, sun zauna suna musu a kan abin da ba ya zuwa ko'ina. To in ya faɗo, baba zai yi saurin nuna? In ya dushe, gero zai ƙara zangarniya?"

"Sanin ne kawai, Yaya. Ni dai so nake in gani da kaina."

"Da wane idon? Ɗayan da ya rage?"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi ɗan murmushi, ya ninke takardarsa. Haka yake, ba ya ramawa, kuma wannan ma haushi yake ba ni, don mutumin da ba ya ramawa sai ka rasa inda za ka tsaya.

Abin da ya tayar masa da wannan ciwo shi ne jarida ta buga cewa ranar Juma'a, biyu ga Oktoba, ƙarshen watan Mauludi, za a yi husufin rana. Harsunan nan, in ji shi, hasken rana ne ke ɓoye su, ba a ganinsu sai wata ya shiga gabanta ya rufe fuskar ya bar gefen. Can wajen Tafkin Chadi za ta rufe ruf. Mu nan Bebeji za a bar mana ɗan siriri kamar yankan farce. Ya nemi izinin mako biyu ya tafi Barno, aka ce ya koma aji, kuma wanda ya hana shi ɗin ya fi shi hankali. Sai ya ce to ko a nan ɗin ma zai gwada, wataƙila ɗan siririn ba zai hana ba.

Wata biyu cur muna shan harsuna. Ya zana su a ƙasa da tsinke. Ya ja ni bakin gonar dawa ya nuna mini kara yana rangaji, sai ka ce ban taɓa ganin dawa ba. Marina suka sa masa Malam Harsuna, kuma ni na raɗa sunan.

Kayan aikinsa ma abin dariya. Kofur Shitu yana da madubin hangen nesa da ya zo da shi daga yaƙi, mai bututu biyu, ɗaya na kowane ido. Shi Hayatu ya roƙa. Abin ido biyu a hannun mai ido ɗaya, rabin aron ma asara ne.

Kofur ya ce, "Malam, zan ba ka, amma ka ji da kyau. A soja duk wanda aka kama ya ɗaga wannan ya dubi rana, gadirum ake kai shi a kulle."

"Na sani, Kofur. Bari ma ka gani."

Ya saita bututun da rana, ya kara busasshen ganye a daidai inda ake sa ido. Ba a jima ba hayaƙi ya tashi, ganyen ya huje.

Ya ce, "Abin da zai yi wa ido ke nan. Shi ya sa na aika wa wani abokina a Kano ya samo mini baƙin gilashi irin na masu walda. In ba shi, ba zan duba ba."

Gilashin ya zo, ya ɗinke shi a cikin hularsa don kada ya fashe. Ranar Alhamis, jajiberin husufin, aka yi wani ruwan ƙarshen damina, rafin da ke tsakaninmu da Kiru ya kawo. Malam ya saɓa keke a kafaɗa ya shiga, santsi ya kwashe shi, hular ta bi ruwa da gilashin a ciki. Ya iso mana jiƙe sharkaf, kai ba hula, ya zauna a kan kututturen da muke bugun zane.

Ya ce, "Shi ke nan, Allah bai nufa ba. Gobe zan leƙa rami kamar kowa."

Don mu marina in an yi husufi ba ma ɗaga kai. Ramin rini muke buɗewa. Ruwan baba baƙi ne, sai ka ga rana kwance a ciki, ka kalle ta hankali kwance. Hayatu ya sha raina wannan, wai hoton ƙarami ne, kuma in iska ta taɓa ruwa ba za ka san rana ce ke rawa ko ruwan ba. Amma ranar ya haƙura. Ina so a riƙe wannan, ya haƙura da bakinsa a gaban mutane.

Ni ne ban so ya haƙura ba. Wata biyu ina jiran ranar da zai tsaya gaban jama'a ya ji kunya, sai ga rafi ya ƙwace mini ita.

Akwai wani gwaji da muke yi wa turkuɗi, zanen nan shara-shara mai baƙi da ƙyalli da Buzaye ke naɗawa. In an gama tsomi ya bushe, sai ka ninka shi huɗu ka ɗaga wa rana. In ta fito ja kamar garwashi, da saura. In ta fito dushe-dushe ba ja, ya ƙoshi. Turkuɗina kuwa tun daga Agadas ake zuwa nemansa, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba.

Na ce, "Wai gilashin Bature ne kaɗai ke tare rana? Shekara ashirin ina duban ta ta cikin turkuɗina, ga idanuna nan garau."

"Yaya, zane saƙa ne, yana da ƙofofi. Littafin ya ce..."

"Littafin ya taɓa ganin turkuɗina?"

Ya sunkuya yana matse ruwa daga gefen rigarsa.

Na ce, "Ko kuwa dai harsunan ne babu, Malam? In babu ne ka faɗa mana mu huta. Rafi ya rufa maka asiri."

Ya dubi marina, duk sun saki aiki suna jira. Can ya ce a hankali, "In an ninka da yawa, wataƙila."

Abu biyu na sani da ban faɗa ba. Na farko, gwajin nan ƙiftawa ɗaya ne. Ka ɗaga, ka gani, ka sauke. Ina yaro in na daɗe ina kallo, ƙeyata mahaifinmu ke mara. Na biyu, duk wanda ya dubi rana ta cikin saƙa zai ga wasu tsinke-tsinken haske sun kewaye ta, suna fita ta tsakanin zare. In hannunka ya motsa su motsa, in iska ta kaɗa zanen su yi rangaji. Kowane marini ya san su, ba mai ko kula su. Hayatu bai sani ba, don an kai shi boko kafin ya isa ɗaga zane. Shirina shi ne in bar shi ya gan su, ya yi ihu ya ce ga harsunan Turawa, sa'an nan in kwance zanen in miƙa wa duk wanda ke wurin, in ce ku duba, abin da Malam ya yi shekara goma sha uku yana karatu a kansa, mu kullum muna ganinsa. Marinan sun gane inda na dosa, suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Da safiyar Juma'a mahaifiyarmu ta kira ni ɗakinta. Ni ne ɗan Inna na fari, saboda haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai "kai" ko "wannan".

Ta ce, "Kai, na ji abin da kuka ƙulla jiya."

"Wasa ne, Inna."

"Ido ɗaya gare shi."

"Ai shi ne mai ilimi, ya san abin da yake yi."

"Ban tambaye ka mai ilimi ba. Kai ne babba."

Na ce to. Na fita na zaɓi turkuɗin da ya fi kowanne ƙoshi, na ninka shi takwas maimakon huɗu, na ce wa raina ai na yi abin da ta ce.

Liman ya yi saurin Juma'a ya ɗora da sallar husufi. Kafin a sallame fiye da rabin fuskar rana ya rufe. Hasken ya yi wani rawaya-rawaya maras lafiya, zafi ya ragu, a cikin gidaje mata na buga turmi da gwangwani, kaji sun fara neman akurki. Jama'a suka biyo mu karofi. Ranar Juma'a ba ma motsa ramuka, ruwan ya kwanta lumui. Muka ɗaga murafai, sai ga rana goma sha biyu, kowace a raminta, kowace an gutsure ta kamar waina. Tsofaffi suka durƙusa suna kallo suna salati. Abin ya yi kyau, ba ƙarya, kuma ba wanda ya rasa komai don ya kalla a nan.

Malam kuwa bai ko leƙa ba. Ya ɗaure turkuɗina da zare a bakin bututun hagu, ya zauna a ƙasa ya jingina da kututturen bugu, ya cire agogo ya ba Kofur.

"Kofur, ka riƙa faɗa mini duk minti. Harshe ɗaya zan kama in bi shi, tun tashinsa har ƙarshensa."

"Malam, minti nawa?"

"Biyar, in ya yi yawa."

Kofur ya dube ni. Na kau da kai.

Duhu-duhu ya sauko, wata iska mai sanyi ta taso, rana a cikin ramuka ta zama yankan farcen nan da ya faɗa. Hayatu ya yi bisimilla ya ɗaga madubin. Ya ɗan lalubo, ya tsaya cik.

"Ga su! Wallahi Yaya ga su! La ilaha illallahu, ga su nan cinkus!"

Na ce, "Suna rangajin?"

"Suna yi! Dama, hagu, yadda aka rubuta!"

Ina tsaye a kansa, ina ganin iska na kaɗa bakin turkuɗin. Marinan sun toshe baki da hannu. Daɗi ya kama ni, irin daɗin da ban ji ba tun ranar da ya dawo da kekensa.

Kofur ya ce, "Minti ɗaya." Can ya ce, "Minti biyu. Malam, ya isa haka."

"Tukuna, Kofur. Na kama wani dogo."

Hawaye ya fara zirara daga idon, ta ƙarƙashin bututun.

Kofur ya ce, "Da zafi?"

"Ba na jin komai."

A nan ne ya kamata in kwance zanen. Mutane sun taru, ya riga ya yi ihun, ba abin da ya rage. Amma na so in ƙara wa abin gishiri.

Na ce, "Ka bi shi dai, Malam, kada ya kuɓuce maka. Ka ga ko faɗowa yake ko dushewa, ka raba wa Turawa gardama, a buga sunan Bebeji a jarida."

Aka yi dariya. Kofur ya ce minti uku. Ya ce minti huɗu.

"Yana dushewa," in ji Hayatu. "Yaya, dushewa suke yi! Daga tsakiya ya fara, ga shi duk suna dushewa."

Kofur bai jira na biyar ba. Ya kai hannu ya fizge madubin har zaren ya tsinke.

Hayatu ya miƙe yana dariya, fuska jiƙe. "Kun ji ko? Ba faɗowa suke yi ba. Na gani."

Na ɗauki turkuɗin daga ƙasa, na karkaɗe, na gyara murya. Jawabina a shirye yake tun jiya. Sai ya juyo wajena yana murmushi, amma ba fuskata yake kallo ba, kafaɗata yake kallo. Ya miƙa hannu Kofur ya sa masa agogon a ciki. Ya kawo shi kusa da ido, ya matsar da shi nesa, ya karkata kai.

Ya ce, "Wai har yanzu duhun bai wuce ba ne?"

A lokacin zakaru sun fara cara, haske ya soma dawowa a kan katangu. Na cusa zanen a aljihu.

Ya ce zai washe zuwa gobe. Gobe ta zo, jibi ta zo. An sa tozali, an sha rubutu. A kwana na biyar na ɗauke shi a mota zuwa asibitin ido a Kano, ina riƙe da hannunsa a tasha. Likitan ya haska, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya sa tafinta ya gaya mana cewa tsakiyar idon, daidai wurin da ake karatu da shi ake gane fuska, ta ƙone, kuma wurin ba ya jin zafi, shi ya sa bai sani ba. Gefe-gefe yana nan. Zai ga hanya, ba zai faɗa rijiya ba. Baƙi a kan takarda kuwa ya yi sallama da shi. Likitan ya tambaya wane ne ya ce masa zane zai tare rana.

Hayatu ya ce, "Ni na ga dama."

Ina zaune a kan benci a gefensa, na zuba wa baƙin hannuna ido.

Da muka dawo na shiga gaishe da Inna. Shekara arba'in tana matar marini, ta ninke turkuɗi ya fi a ƙirga, ta san tsinken hasken nan kamar yadda na san shi. Ba ta amsa gaisuwar ba.

Ta ce, "Ubale."

Haka, gatsau, sunan da ba ta taɓa furtawa ba, yadda ake kiran ɗan maƙwabta.

"Ubale, ninki nawa ka yi?"

"Takwas, Inna."

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari."

Tun daga ranar da sunana take kirana, har Allah ya karɓi ranta.

Makaranta ta riƙe shi zuwa ƙarshen shekara yana koyarwa da ka, sa'an nan aka sallame shi. Keken yana nan a zaure, tayoyin sun sace. Kofur Shitu ya daina zama a gindin duruminmu, in mun haɗu a masallaci ya ba ni hannu ya wuce. Marinan da suka toshe baki suna dariya kuwa, raggaye, kowa ya yi kamar ranar ba ya gari. Ba wanda ya taɓa gaya wa Hayatu komai, don duk wanda ya faɗa sai ya faɗi nasa rabon.

Yanzu Hayatu a karofi yake. Motsa rami da muciya ba ya bukatar ido, kafaɗa yake so, kuma ya iya. Hannunsa ya yi baƙi har gwiwa, in mun gaisa ba ya duba tafinsa. Surutun dai yana nan. Duk baƙon da ya zo, Buzu ne ko ɗan Tudun Wada mai kawo farin zane a rina masa, sai ya tsare shi da labarin harsuna, tsawonsu, gudunsu, rangajinsu. Ya ce masana na can suna musu, shi kuwa ya gani, dushewa suke yi. Kullum kuma da magana ɗaya yake rufewa.

"Kuma ba da gilashin Bature na gan su ba, da turkuɗin Yayana ne. Duk ƙasar nan babu irinsa."

Da alfahari yake faɗa, yana nuna inda yake zaton ina tsaye. Duk sanda ya faɗi haka ji nake na raina kaina fiye da yadda na taɓa raina shi, kuma ba kaɗan na raina shi ba.

Rannan na ninka wani turkuɗi huɗu na ɗaga wa rana. Yana gefe ya jingina da muciya yana hutawa, ya ji motsin zanen.

Ya ce, "Yaya, wai in ka ɗaga haka, me kake gani?"

Suna nan cinkus sun kewaye ta, iska na kaɗa zanen, suna rangaji dama da hagu.

Na sauke. Na ce, "Ba komai. Saura tsomi ɗaya."

Ya ce to, ya lalubi bakin ramin da ƙafa, ya ci gaba da motsawa.